Jiyokashin

jiyokashin (suna, namiji, ba shi da jam'i). Wasan ɓoye kaya da nemo su da taimakon na'urar GPS. Mutum zai ɓoye ɗan akwati ko gwangwani a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse, ya sa takardar sa hannu a ciki, ya wallafa lambobin wurin a intanet. Wanda ya gano shi sai ya rubuta sunansa ya mayar da shi yadda ya tarar. In ya ɗauki wani abu daga ciki, ya ajiye wani a madadinsa.

Daga Amurka ya samo asali. A farkon Mayun 2000 gwamnatin ƙasar ta daina dagula siginar GPS da gangan, ranar 3 ga watan kuwa Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon. Shafin Geocaching.com ya buɗe da maɓoya 75 a Satumbar shekarar. Sun kai miliyan 1 a 2010, miliyan 2 a 2013, miliyan 3 a 2017.

Sai dai gudun ƙaruwarsu ya ragu bayan miliyan na biyu. Maɓoyan da ke aiki kaɗai ake ƙirgawa, tsofaffi kuwa kullum sokewa ake yi. Ga kuma ƙa'idar barin tazarar mita 161 tsakanin maɓoya biyu, wadda ta sa wuri ke ƙarewa a wasu biranen Jamus da Amurka.

Misali: Sun tafi jiyokashin tun da safe.