Kafin a Sayi Sandar Tuƙi Mai Tsada: Darasi Daga Tarihin Koyon Jirgi a Ƙasa

A ce matashi ne ɗan Kuki, yana karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, kuma ya ƙwallafa rai a kan tuƙin jirgin sama. Yana da kwamfuta, ya saka mata manhajar kwaikwayon tuƙi, yana kuma da 'yar sandar tuƙi ta roba irin wadda akan sayar ƙasa da dala 50 a Amurka. Duk sa'ad da ya leƙa YouTube sai ya ga masu hali riƙe da sanda ta ƙarfe da totur mai zaman kansa, maɓallai birjik, irin HOTAS Warthog na kamfanin Thrustmaster, wanda farashinsa yake kewayen dala 500. A canjin shekarar 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya kai naira 750,000, ban da na dako da na kwastan. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000, ko ya tara na wata goma bai ci ba bai sha ba, bai cike kuɗin ba.

To, ya saya ko kada ya saya? Tambayar ta girme shi nesa ba kusa ba. Matuƙa da sojoji da gwamnatoci sun fi shekara ɗari suna fama da ita: me za a iya koya na tuƙin jirgi alhali ƙafa tana ƙasa, kuma wane sashe na na'urar koyon ne ya cancanci a zuba masa kuɗi?

Rabin ganga da akwatin zugazugi

Sandar tuƙi kusan sa'ar jirgin ce. Wani injiniya Bafaranshe, Robert Esnault-Pelterie, ya yi rajistar fasaharta a 1907: a ja ta baya hancin jirgi ya ɗaga, a tura gaba ya sunkuya, a karkata ta jirgin ya karkata. Zuwa 1910 kamfanin Antoinette na Faransa ya ƙera abin koyo na ƙasa, wato rabin ganga a kan wani rabin, ɗalibi ya zauna a sama, mutane suna jijjiga shi da hannu, shi kuwa yana ƙoƙarin daidaita kansa.

A wancan zamani ido ne jagoran matuƙi. Jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, waɗanda suka taso daga Helwan ta Masar ƙarƙashin Arthur Coningham suka sauka a filin wasan dawaki na Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarki Usman, da taswira da kamfas da kallon ƙasa suka ratso Sudan da Cadi. Muddin matuƙi yana hangen inda sama ta haɗu da ƙasa, ya san zamansa. Masifar tana farawa ne idan gajimare ko hazo ko duhu ya shafe wannan layi.

Dalilin yana cikin kunnen ɗan Adam. Can ciki akwai 'yan bututu masu ruwa waɗanda suke sanar da ƙwaƙwalwa ko jiki ya karkata. Idan jirgi ya shiga kwana sannu a hankali, ko ya daɗe a cikinta, sai ruwan ya lafa, jiki ya rantse cewa a miƙe ake tafiya alhali fiffike ɗaya yana kallon ƙasa. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su da horon tuƙi da agogunan jirgi, aka toshe musu ganin waje. Dukansu jirgin ya kuɓuce musu, kuma a matsakaicin lissafi cikin daƙiƙa 178 ne, wato ƙasa da minti uku.

Maganin ya fito a 1929. A watan Satumba na shekarar, Jimmy Doolittle ya tashi ya kewaya ya sauka a Amurka ba tare da ya ga waje ba, agoguna kaɗai yake bi. A wannan shekara kuma wani saurayi, Edwin Link, ya haɗa wani akwati a garin Binghamton. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa, fiyano da ogan, don haka da zugazugin ogan da famfon iska ya sa akwatin yake ɗagawa yana karkata. Da farko ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Wuraren wasan yara ne suka fi saye. Sai a 1934 gwamnatin Amurka ta ɗora wa sojan sama jigilar wasiƙu cikin tsakiyar hunturu, matuƙa fiye da goma suka halaka cikin 'yan makonni. Nan ne sojan suka sayi akwati shida, kowanne dala 3,500. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da 10,000, an horar da matuƙan Amurka fiye da 500,000 a cikinsu, Ingila ma ta rungume shi. Zamanin ke nan da Kano ta zama zango a hanyar da aka riƙa bi da dubban jiragen yaƙi, tun daga 1940, daga Takoradi ta Gana zuwa Alƙahira, ta cikin ƙura da hazon da muka sani.

Abin lura a nan shi ne, akwatin Link bai yi kama da jirgi ba wajen motsi, matuƙa ma sun sha kuka da hakan. Sandarsa ba ta da wani ado. Amma idan aka rufe murfinsa, malami yana zaune a tebur yana bin sawun ɗalibi a kan taswira, akwatin yana koyar da abu guda mai wuyar gaske: ka ƙaryata jikinka, ka gaskata agogo. Wannan darasi ne ya ceci rayuka, ba santsin sanda ba.

Zariya, da ranar da kamanni ya zama rai da mutuwa

A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da sufurin sama ta duniya, ICAO. Ita ce ta yaye tsara bayan tsara na matuƙan Nigeria Airways da injiniyoyi da masu ba jirage umarni daga hasumiya. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, ta yi karatu, ta kuma dawo ta shugabanci makarantar daga 2011. An daɗe ana koyo da ƙananan jirage samfurin Tampico, daga baya aka ƙaro samfurin Diamond, kuma a shekarun baya-bayan nan aka girka babbar na'urar kwaikwayon Boeing 737.

Irin wannan na'ura ɗaki ne sukutum a kan ƙafafun ƙarfe masu motsi, kowane maɓalli yana inda yake a jirgin gaske, kuma kuɗinta miliyoyin daloli ne. Matuƙin jirgin fasinja yakan koma cikinta kusan duk wata shida, a kashe masa inji, a tayar masa da gobara, a jefa shi cikin hadari. Shekara da shekaru kamfanonin Nijeriya suna tura matuƙansu ƙasashen waje don wannan, da kuɗin waje. Me ya sa ake jure wannan ɗawainiya alhali akwatin katako ya taɓa wadatarwa?

Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC samfurin Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato da mutum 105, hadari yana haɗowa. Yana barin ƙasa ya faɗa cikin iska mai juya alƙibla farat ɗaya: wadda take bugun goshinsa tana taimaka masa ɗagawa ta koma bayansa, ƙarfin da yake riƙe da fikafikai ya zube. Aka ɗaga hancin jirgin fiye da kima, ya kasa riƙe kansa, ya faɗi. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙan su da rahama. Rahoton hukumar binciken haɗurran jirage, bayan ya ambaci shawarar tashi cikin mummunan yanayi, ya lissafa wani dalili kuma: na'urar da aka yi amfani da ita wajen maimaita wa matuƙan horon kuɓuta daga irin wannan iska ba ta dace da aikin ba.

A irin wannan 'yan daƙiƙu babu lokacin tunani. Abin da hannu ya haddace shi yake fitowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka idan mutum ya san takamaiman jirgin da zai tuƙa, kuma rayuka suna wuyansa, kowane bambanci tsakanin na'ura da jirgi abin tsoro ne, kuma duk abin da aka kashe don kawar da shi ya halatta.

Tarihi ke nan ya ba da amsa biyu, kuma ba sa karo da juna. Mai koyon tushe, kayan arha sun ishe shi idan akwai tsari da malami. Mai horon wani jirgi na musamman, shi ne yake buƙatar kamanni na ƙwarai. Kuskuren shi ne mai matakin farko ya biya kuɗin mataki na biyu.

Abin da kuɗin yake saye, da wanda ba ya saye

Tun da Microsoft Flight Simulator ya fito a 1982, na'urar koyon ta shigo ɗakunan mutane. Fitowar 2020 ta zana duniya daga hotunan tauraron ɗan Adam, har mutum yana iya tasowa daga Kano ya ratsa ta saman madatsar ruwa ta Zobe. Kasuwar sanduna kuwa ta bunƙasa tare da shi.

Sanda mai tsada ba yaudara ba ce. Yawancin masu arha suna auna motsi ne da wani ɗan harshe da yake gogar zoben kabon. Yau da gobe zoben yakan cinye, ƙurar hunturu ta shige, sai jirgi ya riƙa rawa ko karkata ba a taɓa shi ba. Masu tsada suna amfani da maganaɗisu, bisa wata ɗabi'ar lantarki da Edwin Hall ya gano a 1879. Babu abin da yake gogar wani, don haka ba sa cinyewa, kuma suna jin motsi komai ƙanƙantarsa. Totur mai doguwar tafiya kuma yana sa a ƙara wuta ko a rage daki-daki. Sai dai ba dole ne a kai ƙololuwar farashi kafin a sami maganaɗisun ba: T.16000M na kamfanin Thrustmaster ɗin yana da shi, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na Warthog ba.

Warthog kwafin sandar jirgin yaƙin Amurka ne mai suna A-10C, kuma da yawa daga maɓallansa na zaɓar makami ne da saita abin hari. Mai burin tuƙa alhazai ba ya buƙatar ko ɗaya. Jiragen Boeing, irin waɗanda Max Air na Alhaji Dahiru Mangal yake jigila da su, ba ma sanda gare su ba, sitiyari ne mai ƙaho biyu. Tampico ma haka yake. Diamond yana da sanda tsakanin gwiwoyi, Airbus kuwa ƙarama ce a gefe. Wanda bai san wanne zai fara riƙewa ba, wane kamanni yake saye?

Akwai kuma abin da galibin sandunan tebur ba sa bayarwa, har da masu tsada. A ƙaramin jirgin gaske sanda tana nauyi idan gudu ya ƙaru, tana sakwarkwacewa idan ya ragu, kuma ta haka jirgin yake gargaɗin matuƙi cewa ya kusa kasawa. Sandar gida, ta roba ko ta ƙarfe, galibi sifirin ne yake mayar da ita tsakiya, nauyinta ɗaya a kowane gudu. Mahayi ya san bambancin linzamin da yake bakin doki da wanda yake rataye a turke. Malaman tuƙi ma sukan koka cewa waɗanda suka koya wa kansu a kwamfuta suna zuwa da ɗabi'ar ƙura wa agoguna ido, a matakin da ake so ɗalibi ya riƙa duban waje.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Wanda nishaɗi kawai yake nema, kuma aljihunsa ya ɗauka ba tare da ya tauye haƙƙin kowa ba, ba ruwan kowa da shi. Amma mai burin zuwa Zariya, jerin buƙatunsa daban ne.

Na farko shi ne likita. Ba a ba da lasisin tuƙin fasinja sai an ci gwajin lafiya mai tsauri, na ido da kunne da zuciya, kuma akwai samarin da ba su san ba sa bambance wasu launuka ba sai ranar gwajin. Na biyu wuta: kwamfutar da take ɗaukewa ana tsakiyar sauka ba ta koyar da sauka, don haka sola da batiri sun riga kowace sanda. Na uku karatu: lissafi da fiziks da Ingilishi, domin da Ingilishi ake magana da hasumiya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, kuma hukumar sufurin sama ta Amurka ta saki littattafanta na koyon tuƙi kyauta a intanet. Manhajar FlightGear ma kyauta ce, kuma idan an sauke ta ba ta cin data kamar ta Microsoft. Idan kuɗi ya saura, matakan ƙafa masu juya wutsiyar jirgi sun fi sabuwar sanda amfani, don a jirgin gaske ƙafa tana aiki tun daga titin tashi, kuma murɗa sanda da hannu a madadinsu ɗabi'a ce da sai an kankare ta daga baya.

Ita kuwa tsohuwar sandar, akwai gwajin da yake raba gardama. A zaɓi ƙaramin jirgi, a rufe sama da hazo, a riƙe tsayi ɗaya da alƙibla ɗaya na minti goma, sa'an nan a sauka sau goma a jere a kan layin tsakiyar titi. Idan allurar agogo tana rawa alhali hannu yana tsaye, laifin sanda ne, a canza ta da matsakaiciya mai maganaɗisu. Idan kuwa hannun ne yake rawa, ragowar naira 750,000 gara su zauna a asusun kuɗin makaranta.