Sunayen Hauka: Asalinsu da Tarihinsu

Kowace al'umma takan laƙaba wa hauka suna gwargwadon abin da ta ɗauka shi ne sanadinsa. Turawan dā sun ɗora laifin a kan wata, suna ganin ciwon yana tashi ne idan wata ya cika. Daga sunan wata a Latin, luna, aka samo lunatic. Kalmar bedlam kuwa, da ke nufin hargitsi, lalataccen sunan asibitin Bethlem ne na Landan, wanda aka kafa a 1247 a matsayin gidan ibada, daga baya ya koma matsarar mahaukata.

Bahaushe ya fi danganta ciwon da iskoki. Shi ya sa ake cewa an shafe shi, ko yana da taɓi, wato wani abu da ba a gani ya kai masa hannu. Majanuni, da aka aro daga Larabci, tushensa ɗaya da aljani. Wannan fahimta ce ta tsara inda ake kai mara lafiya: wajen 'yan bori a yi girka, ko wajen malami a yi rubutun sha da ruƙiyya. Wanda ya fi ƙarfin dangi sai a sa shi a turu, gungumen icce da ake zura ƙafa a ciki, ko a ɗaure shi da mari.

Mulkin mallaka bai kawo sauƙi nan take ba. Gidajen da aka buɗe a Kalaba a 1904 da Yaba a 1907 na tsarewa ne, kuma dokar hauka ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, da waccan kalma ta lunatic ta kira marasa lafiya. Likita Thomas Adeoye Lambo ne ya sauya salo a Aro ta Abekuta daga 1954, inda majinyata ke zama cikin ƙauye tare da danginsu.

A yau, a kudancin kogin Kaduna, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa shi ne madogarar mutanen Gonin Gora da Kakuri da Sabon Tasha. Abin takaici, sunan irin waɗannan wurare kan koma zagi. A Kano, a ce da mutum "sai Dawanau", inda asibitin ƙwaƙwalwa yake, ya isa gori, kuma tsoron gorin ne ke sa iyalai ɓoye majinyaci har ciwon ya yi nisa. Likitoci da gidajen rediyo yanzu sun fi cewa "lalurar ƙwaƙwalwa". A Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.