Dawakin Tofa, 1977: Makarantar Kimiyya a Tsakiyar Gonaki

Wanda ya fita daga birnin Kano ta hanyar Katsina, ya wuce Dawanau, zai shiga ƙasar da ba a barin fili ya kwanta. Gona na manne da gona, gero da dawa da wake a kunya ɗaya, ga ɗorawa da tsamiya tsaye a tsakani, kowace da mai ita. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan kewaye na Kano, ya nuna cewa yana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kuma manomansa kan nome gona guda kowace damina ba tare da sun hutar da ita ba, saboda takin da suke zuba mata, har da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni.

A wannan yanki ne gwamnatin Jihar Kano ta buɗe ɗaya daga cikin makarantun sakandaren kimiyya biyu na farko a 1977. Ɗaya a Dawakin Tofa, ɗaya a Dawakin Kudu, kowace kimanin kilomita 30 daga birni. Yau da wuya a shiga babban asibiti ko sashen injiniya na wata jami'a a Kano da Jigawa ba a tarar da tsohon ɗalibin ɗayansu ba. An saba danganta wannan nasara da kuɗin man fetur da kyawawan ɗakunan gwaje-gwaje. Tarihin makarantun ya nuna wani dalili da ya fi waɗannan nauyi: an tara duk abin da ya shafi rayuwar ɗalibi a hannun mutane ƙalilan da suka san juna, aka kuma ba su ikon yanke shawara.

Giɓin da jihar ta gada

An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau. Ta zo a mawuyacin hali. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan Kudu sun bar Arewa, sannan aka raba ma'aikatan tsohuwar Jihar Arewa tsakanin sababbin jihohi shida. Gwamna Audu Bako ya shiga manyan ayyuka, irin su madatsar ruwa ta Tiga, amma injiniyoyi da likitocin da ke riƙe da aikin galibi baƙi ne da aka ɗauko da kwantiragi.

Karkara kuma tana cikin nata halin. Farin farkon shekarun 1970 ya girgiza manoma, a 1975 kuma cutar gyaɗa ta lalata amfanin da ya daɗe yana kawo wa ƙauyukan Kano kuɗi. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya cika baitulmali. Jiha ta samu abin kashewa, ba ta da 'ya'yanta da za su yi aikin. Makarantun sakandarenta ba sa fitar da isassun ɗaliban da suka ci darussan kimiyya har su samu gurbi a sashen likitanci ko injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Gardamar ma'aikatu biyu

Shawarar kafa makarantun ba daga Ma'aikatar Ilimi ta fito ba. Ta fito ne daga wani kwamitin samar da ƙwararrun ma'aikata a ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da tsara tattalin arziki, wadda Dokta Ibrahim Ayagi, masanin tattalin arziki, yake kwamishinanta a zamanin mulkin Kanar Sani Bello. Lissafin kwamitin mai sauƙi ne. Malaman kimiyya kaɗan ne, kayan gwaji kaɗan ne, an kuma warwatsa su a makarantu da yawa inda ba sa amfanar kowa yadda ya kamata. Idan aka tattara su wuri ɗaya tare da yaran da suka fi hazaƙa, za a ga sakamako cikin shekaru uku.

Jami'an Ma'aikatar Ilimi ba su yi na'am ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. A ganinsu, shirin zai ware 'yan tsiraru ya shagwaɓa su da dukiyar kowa, a daidai lokacin da ƙasa ke shirin fara ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, wanda aka ƙaddamar a Satumban 1976. Maganar ta tsaya cik har sai da Gwamna ya mayar da Ayagi Kwamishinan Ilimi a 1976. Mai shawara ya zama mai zartarwa.

Abin da aka yi daga nan shi ne ginshiƙin labarin. Maimakon a miƙa makarantun ga ma'aikatar da ba ta yarda da su ba, sai aka kafa musu hukuma tasu a 1977, da Alhaji Ado Gwaram a matsayin Sakataren Zartarwa na farko. Hukumar ce ke ɗaukar malamanta, ita ke sayen kayan aiki, ita ke shirya jarrabawar zaɓen ɗalibai, ita ke ɗaukar nauyin kwanansu da cinsu. Shugaban makarantar gwamnati na yau da kullum yakan jira takardarsa ta bi layi tare da na sauran makarantun jiha kafin a saya masa sinadarin gwaji ko a turo masa malami. Shugaban Dawakin Tofa kuwa yana magana ne da ofishin da makarantu biyu kacal ke gabansa.

Abin da yaro ke tararwa

A tsarin sakandare na wancan zamani, mai shekara biyar, ana zaɓo yaran ne daga aji biyu na sauran makarantun jihar, ta hanyar jarrabawa a Turanci da lissafi da kimiyya. Wanda ya ci ya koma makarantar kimiyya ya yi aji uku zuwa biyar. Tsarin da aka shata shi ne kowace makaranta ta riƙa karɓar ɗalibai 240 a shekara har ta kai 720, da malami ɗaya ga kowane ɗalibi 20. Rukunin farko ya rubuta jarrabawar WAEC a 1980.

Kowane ɗalibi dole ya ɗauki ilimin halittu da kimistiri da fizis da lissafi da Turanci. Wannan ƙa'ida ta toshe wata kafa da ta daɗe tana cinye yaran Arewa, inda yaro mai ƙoƙari zai gama sakandare sannan ya gano cewa haɗin darussan da ya zaɓa ba zai kai shi sashen likitanci ba, don babu wanda ya yi masa bayani tun da wuri. A nan makaranta ce ta ɗauke masa nauyin wannan zaɓi.

Zaman makarantar a karkara ya ƙara wani abu. Makarantar kwana ce, kuma nisanta da birni ya sa rayuwar malamai ta haɗu da ta ɗalibai. Malamin da ya koyar da safe shi ne mai zagayen karatun dare, wanda ɗalibai ke kira firef, wataƙila kuma shi ne mai kula da ɗakin kwana. A irin wannan zama, matsalar yaro ba ta tsayawa a ofis ɗaya. Yaron da ya fito daga ƙauye yana iya lissafi amma Turancin tambayar fizis na ba shi wuya, al'amarinsa ya shafi malamin Turanci kamar yadda ya shafi na fizis. Wanda zazzaɓi ya kwantar, mai kula da ɗakin kwana ne zai fara sani kafin malamin aji. Idan abinci ya makara, jadawalin gwaji na rana ya rushe. Saboda haka mai kula da sito da masu dafa abinci da mai kula da ɗakin gwaje-gwaje duk suna cikin lissafin sakamakon WAEC, ko da sunansu bai taɓa fitowa a takardar yabo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malaman kansu gauraye ne: 'yan ƙasa, da baƙi 'yan kwantiragi daga ƙasashen waje, da matasa masu yi wa ƙasa hidima, shirin da aka fara a 1973. Haɗa irin wannan taro ya yi aiki da manufa ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya sauƙaƙa shi ne kowa ya san ma'aunin da za a auna shi da shi, wato yawan yaran da suka samu sakamakon shiga jami'a a fannin kimiyya.

Abin da bincike ya nuna

Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan shekaru goma na farko na waɗannan makarantu, daga 1977 zuwa 1987. Nazarinsa ya tabbatar da cewa sun fitar da ɗaliban kimiyya fiye da yadda makarantun jihar suka saba. Ya kuma nuna abin da masu yabo kan tsallake: makarantun ba su da wata manhaja ta daban, ta WAEC ce da kowa ke bi, kuma salon koyarwa a cikin aji bai yi nisa da na sauran makarantu ba, malami na bayani, ɗalibai na rubutu.

Wannan ya sauya yadda ya kamata a fahimci labarin. Tunda manhaja ɗaya ce, salon koyarwa kuma kusan ɗaya, to bambancin yana wurare biyu. Na farko, an zaɓo yaran da dama su ne kan gaba, kuma babu mai gaskiyar da zai musanta tasirin wannan. Na biyu, an kewaye su da tsarin da ya hana hazaƙarsu zubewa: malamin darasi yana nan, abinci yana nan, lokacin karatu a tsare, darussa sun dace da buƙatar jami'a. Hazaƙa dama akwai ta a ƙauyukan Kano tun kafin 1977. Abin da babu shi ne wurin da manya za su haɗa kai su riƙe ta shekara uku a jere.

Ba Kano kaɗai ta yi wannan tunani ba. A 1972 Malesiya ta buɗe kwalejin kimiyya ta farko ta hukumar MARA a garin Seremban, don ta shigar da 'ya'yan Malayawa, musamman na karkara, fannin kimiyya. Can ma makarantar kwana ce, a ƙarƙashin hukumar da ba Ma'aikatar Ilimi ba. Ƙasashe biyu masu nisa da juna sun hango abu guda: yaron karkara yana buƙatar fiye da aji da allo.

Kuɗin da aka biya

Tsoron da Ma'aikatar Ilimi ta bayyana tun farko bai tafi a banza ba. Shugabannin sauran makarantu sun ga ana kwashe musu yaran da suke alfahari da su, a bar su da sakamakon da za a zarge su a kai, don haka ba dukkansu suka ba da haɗin kai da zuciya ɗaya ba. 'Yan mata kuma sun jira har 1981 kafin a buɗe musu tasu a Taura. Haɗin kan da aka gina a cikin shingen makaranta ya zo da ɓaraka tsakaninta da maƙwabtanta.

Daga baya nauyi ya ƙaru. A 1982 aka faɗaɗa hukumar ta zama ta makarantun kimiyya da na fasaha, makarantun da ke ƙarƙashinta suka yi ta yawa. Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, sannan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, albashin da ke jawo malami daga ƙetare ya daina jawo shi. A 1991 aka cire Jigawa, makarantu irin su Taura da Kafin Hausa suka koma can. Hukumar da aka kafa don ta kasance kusa da makarantu biyu ta fara kama da ma'aikatar da aka guje wa tun farko. Duk da haka sunan makarantun bai mutu ba, tsofaffin ɗalibansu kuma, ta ƙungiyarsu KASSOSA, suna cikin masu tallafa musu.

Abin da ya rage ga na yanzu

A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano. A irin wannan yanayi hankali kan tafi ga abin da ido ke gani, wato azuzuwa da kujeru da katanga, kuma ana buƙatarsu. Amma arewacin Kano na da manyan makarantun da 'ya'yan manoma ke dogaro da su, kamar Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi, kuma tambayoyin da tarihin Dawakin Tofa ya bari sun shafe su kai tsaye. Idan ɗalibi ya daina zuwa aji a tsakiyar damina don aikin gona ya riƙe shi, wa zai fara sani, kuma wa zai faɗa wa? Shin ofishin rajista da na kula da harkokin ɗalibai da shugabannin sassa suna zama teburi ɗaya a kan matsalar yaro guda? Idan sun zauna sun cimma matsaya, suna da ikon kashe kuɗin aiwatar da ita, ko sai takarda ta je birni ta dawo?

Waɗanda suka kafa makarantun 1977 sun amsa tambaya ta ƙarshe kafin su ɗauki ɗalibi ko ɗaya. Sun rage tazara tsakanin wanda ya ga matsala da wanda ke da ikon magance ta. Manoman da ke kewaye da makarantar sun daɗe da sanin wannan a sana'arsu: gonar da ke ba da amfani kowace shekara ita ce wadda mai ita ke kusa, yana zagaya ta, yana kai mata taki a kan kari.