Madagaska: Tudu da Gaɓar Teku

Tun da sojoji suka karɓi mulki a Madagaska a Oktoban 2025, bayan zanga-zangar matasa kan rashin ruwa da wutar lantarki, nake ta ganin sharhi iri-iri. Ni dai a ganina, wanda bai san shimfiɗar ƙasar nan ba, da wuya ya gane siyasarta.

Tsakiyar tsibirin tudu ne mai sanyi. Babban birnin, Antananarivo, tsayinsa daga matakin teku ya haura mita 1,200. Daga nan ƙasar ta gangaro gabas da tsauri, cikin kurmi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Yamma fili ne mai sauka a hankali, kudu kuwa fari ya zame mata jiki.

A kan tudun nan ƙabilar Merina ta kafa daula, da noman shinkafa a fadamu. Sarki Radama na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1810 zuwa 1828, ya sauko ya mamaye yawancin gaɓar teku. Kurmi da zazzaɓin cizon sauro kuma suka zame wa tudun ganuwa. Lokacin da Faransa ta kawo yaƙi a 1895, ta yamma ta biyo, daga Mahajanga. Dubban sojojinta cuta ce ta kashe su a hanya, waɗanda suka mutu a fagen daga ba su da yawa. Duk da haka ta ci birnin, kuma daga baya ta yi amfani da tsohuwar jiƙaƙƙa tsakanin mutanen tudu da na gaɓa.

Abin bai tsaya nan ba fa. A rikicin bayan zaɓe da aka yi fama da shi a 2002, Ravalomanana, ɗan Merina, ya riƙe Antananarivo, Ratsiraka kuma ya koma Toamasina, babbar tashar jiragen ruwa. Magoya bayansa suka datse hanya, aka karya gadoji, man fetur ya yi ƙamfa a babban birnin. Tudu na da fadar gwamnati, amma ta gaɓa kayan masarufi ke shigowa.

Shi ya sa na lura da asalin Kanar Michael Randrianirina: ɗan Androy ne, can kudu inda yunwa ta saba yi wa mutane ɓarna. Ko hakan zai kai ruwa da hanya yankin da aka daɗe da mantawa da shi? Da wannan zan auna mulkinsa, jama'a.