Kifin Afrilu a intanet: asalin al'adar, da inda wasa ke komawa ɓarna

Duk wanda ya yi lakwal a Nijar ya san kifin Afrilu, wato zolayar da ake yi ranar 1 ga watan Afrilu, inda ake shirga wa mutum ƙarya, in ya yarda a yi masa dariya. Wannan al'ada ta Turawa ta samu wurin zama a duniyar kwamfuta tun kafin intanet ta iso hannun talakawa, har ta zama wani abu da injiniyoyi da manyan kamfanoni ke jira kowace shekara.

Mafari

Ɗaya daga cikin zolaya ta farko da ta yi suna a hanyoyin sadarwar kwamfuta ta faru a 1984. Wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Piet Beertema, ya aika saƙo da sunan shugaban Tarayyar Sobiyat na lokacin, Konstantin Chernenko, yana shelar cewa Masko ta shigo dandalin Usenet. Lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka, don haka mutane da dama suka ɗauka gaskiya ne.

Su ma masu tsara ƙa'idojin intanet ba a bar su a baya ba. Ranar 1 ga Afrilun 1990, David Waitzman ya fitar da takardar ƙa'ida mai lamba 1149, wadda ta bayyana yadda za a riƙa aika bayanan intanet a ƙafar tattabara. Wasa ne, amma a 2001 wasu masana a birnin Bergen na ƙasar Norwe suka gwada shi da gaske: sun aika saƙo tara a tazarar kusan kilomita biyar, amsa huɗu suka dawo.

Zamanin manyan kamfanoni

Google ne ya mayar da abin tamkar bikin shekara, tun daga 2000. A 2002 ya ce tattabaru ne ke zaɓa masa sakamakon bincike. Sabo da wannan hali ya sa da ya ƙaddamar da Gmail ranar 1 ga Afrilun 2004, tare da ma'ajiyar giga ɗaya kyauta, mutane da yawa suka ƙi yarda, domin a lokacin Hotmail mega biyu kacal yake bayarwa. Wani lokaci kuma wasan kan haifar da sana'a: farautar Pokémon da aka saka cikin taswirar Google a 2014 tana cikin abubuwan da suka share fage ga wasan Pokémon Go na 2016.

Akwai kuma zolayar da jama'a suka ƙirƙiro da kansu. Tun 2007 ake tura wa mutum mahaɗi da sunan wani labari mai zafi, in ya latsa sai ya faɗa kan wata waƙar Rick Astley ta 1987. A 2008 YouTube da kansa ya yi wa masu kallonsa haka.

Inda gizo ke saƙar

Ba kowace zolaya ke ƙarewa da dariya ba. A 2016 Google ya saka wani maɓalli a Gmail mai liƙa hoton barkwanci a wasiƙa ya kuma ɓoye amsoshin da za su biyo baya. Wasu suka latsa shi bisa kuskure a wasiƙun aiki, dole kamfanin ya janye shi ya nemi gafara. A 2020, saboda annobar korona, ya dakatar da wasan gaba ɗaya. A 2021 Volkswagen ya sha suka bayan ya sanar da sauya sunansa a Amurka zuwa Voltswagen, kamfanonin dillancin labarai suka yaɗa, daga baya ya ce wasa ne.

Mafi muni shi ne ƙaryar da ba ta da ranar tonuwa. A 2002 wani saƙo ya zagaya duniya yana umartar mutane su goge wani fayil mai hoton ɗan beyar daga kwamfutarsu, wai ƙwayar cuta ce, alhali ɓangare ne na Windows. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙon shan ruwan gishiri da wanka da shi ya bazu ta wayoyin salula a Najeriya, aka kwantar da mutane asibiti, wasu suka rasa rayukansu.

Yadda ake bambancewa

Zolaya ta gaskiya tana da mai ita, tana da rana, kuma mai ita kan fito ya tona kansa. Labarin ƙanzon kurege ba shi da uba, yana tsoratarwa, yana kuma matsa maka ka tura wa wasu maza-maza. Kafin ka tura saƙo a WhatsApp, duba ranar da aka fara buga shi, domin wasan Afrilun bara kan dawo bana a matsayin labari. Duba ko wata kafa da ka amince da ita ta kawo shi. A tuna kuma cewa a Nijar dokar 2019 kan laifukan intanet ta tanadi hukunci ga mai yaɗa bayanan da ka iya tada hankalin jama'a.