Tanki

tanki (sn., nj., jam. tankoki)

1. Babban mazubin ruwa ko na mai.

2. A wasannin intanet na mayaƙa da dodanni, irin su World of Warcraft da kamfanin Blizzard ya fitar a 2004: ɗan wasan da ke shan duka a madadin 'yan ƙungiyarsa. A ƙungiyar mutum 5, tanki ɗaya ne, mai warkarwa ɗaya, masu kai hari 3.

Kowane dodo yana da lissafin wanda ya fi tsokanarsa, shi yake bi. Riƙe dodo ɗaya ba wuya. A taro ake gane gwani. Warkarwa ma tsokana ce, ana kuma raba ta ga dukan dodannin da ke cikin faɗan, don haka duk wanda tanki bai taɓa ba, kan mai warkarwa zai nufa. Shi ya sa ake buɗe faɗa da harin da ke samun kowa, gwargwadon nau'in tankin: Thunder Clap ga mayaƙi, Consecration ga Paladin, Swipe ga Druid. Daga nan sai tanki ya riƙa sauya abokin dukansa, kada ya tsaya kan guda. Dodanni masu jifa daga nesa kuwa, laɓewa yake bayan bango, dole su biyo shi su taru wuri ɗaya.

Tsohuwar ƙa'idar wasan: sai tsokanar wani ta kai kashi 110 cikin 100 ta tanki idan yana kusa, ko 130 idan yana nesa, kafin dodo ya juya kansa.

Misali: *Ku dakata tanki ya tattara su kafin ku kai hari.*