Daga Madubin Likita Zuwa Gwajin PCR: Yadda Aka Gano Cutar Kaska a Jinin Kare

Mai karatu, idan ka taɓa ganin kare ya daina cin abinci, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya koma ja, mai yiwuwa ka ga aikin ƙwayar Babesia, wadda kaska ke sawa a jini. Sunan ya samo asali ne daga Victor Babeș, masanin ƙasar Romaniya da ya hango ta cikin jajayen ƙwayoyin jinin shanu a 1888. A 1893 Smith da Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa irin wannan cuta tsakanin shanu, sannan a 1895 Piana da Galli-Valerio suka same ta a jikin kare a Italiya.

Kusan shekara ɗari bayan haka, ido ne alƙali. Likita zai shafa ɗigon jini a gilashi, ya rina shi da rinin Giemsa, ya duba ta madubin da ke ƙara girman abu. In ƙwayar babba ce sai a ce Babesia canis, in ƙarama ce a ce Babesia gibsoni, wadda Patton ya bayyana a Indiya a 1910. Girma kawai ake aunawa. Karen da ya daɗe da cutar kuwa, ƙwayoyin kan ragu a jininsa har likita ya gama dubawa bai ga ko ɗaya ba.

A 1983 Kary Mullis ya ƙirƙiro dabarar PCR, wadda ke ɗaukar ɗan guntun DNA ta ninka shi sau miliyoyi har a iya karanta shi. Da aka yi amfani da ita a kan jinin karnuka, zuwa ƙarshen shekarun 1990, sai ta tabbata cewa abin da ake kira canis iri uku ne masu kama ɗaya a ido: canis ta Turai, vogeli ta ƙasashe masu zafi, da rossi ta Afirka, wadda ta fi su kisa. Binciken da aka yi a kan karnukan Najeriya ya gano rossi da vogeli duka biyun.

Kada ka ɗauka gardamar suna ce ta masana. Allurar imidocarb tana aiki a kan manyan, amma ba ta kawar da gibsoni, wadda ake haɗa mata atovaquone da azithromycin. Shi kuwa diminazene, wanda makiyaya suka sani da Berenil, in ya ɗan wuce kima a jikin kare yana iya taɓa ƙwaƙwalwa ya kashe shi. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan ga mafarautanmu da ke yi wa karnukansu allura da ragowar maganin shanu.

PCR ma yana da iyakarsa. Yana da tsada, sai manyan ɗakunan gwaji ke yin sa, kuma sakamako kan ɗauki kwanaki, alhali karen da rossi ta kama ba zai iya jira ba. Shi ya sa likitan dabbobi kan fara da madubi ya soma magani, ya ɗebi jinin gwaji tun kafin allurar farko, domin magani na iya rage ƙwayoyin har gwajin ya kasa ganin su.